Wuri Ɗaya a Motar Kawu

A gidanmu ba a zuwa asibiti ana tafe ana hira. Sai jiki ya yi zafi, an dafa ganye an sha, an sayo ƙwaya a kemis abin ya ƙi, sannan Baba zai fita bakin hanya ya taro ɗan kabu-kabu, a ɗora ka a tsakiyar babur, Mama ta riƙe ka ta baya. Haka na buɗe ido na gani a Zuru, haka kuma kowane gida a unguwarmu yake yi. Shi ya sa ranar da ɗiyar kawuna ta gaya mini ana kai ta wurin likitan haƙori sau biyu a shekara, alhali babu abin da ke mata ciwo, na ɗauka irin ƙaryar nan ce ta 'yan birni.

Kawu yayan Mama ne, soja, a Kaduna yake aiki a lokacin. Duk Kirsimeti sukan zo gida shi da matarsa, wadda muke kira Anti, da ɗiyarsu tilo. Da dogon hutu kuma su kawo ta wurin Kaka, ta yi makonni, su dawo su ɗauke ta. Sa'ata ce, dukanmu muna ƙarshen firamare, a shekarun nan da wayar salula ta fara shigowa garinmu, mutane na hawa tudu neman sabis. Ba ta da mugun hali, kar in ɗauki alhakinta. Ita dai komai nata sai ya zo da murfi. Kofinta da murfi, kwanon abincinta da murfi, har buroshin haƙorinta yana da wani ɗan gida na roba da ake rufe shi a ciki. Namu buroshin a jikin bishiya yake, ka karyo ka tauna.

A wani zuwansu na Kirsimeti, muna zaune ne a gindin mangwaron gidan Kaka, ina shan rake, ita tana kallona, lokacin da maganar ta taso.

"To mi yake dubawa, in ba ki ciwo?" na ce.

"Yana dubawa ne don kar ya yi ciwon."

"Shi ya san gaibu ne?"

Ba ta ji haushi ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Ta gyara zama ta shiga ba ni labari. Wai akwai wata kujera, in ka zauna sai ta kwanta da kai da kanta. Likitan ya kunna fitila a saitin fuskarka, ya ɗauko wani ɗan madubi mai kama da cokalin shayi, ya bi haƙoranka ɗaya bayan ɗaya, ciki da waje. In ya gama ya ce ka yi ƙoƙari. Wani zuwan har ya ba ka sabon buroshi. Daga nan a biya a sha yogot a koma gida.

Na tofar da raken da ke bakina. Kujerar ta burge ni, har mafarkinta na yi daga baya. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne a ce mutum yana lafiya lau, a bar aiki, a zuba mai a mota, a sa masa kayan fita, don kawai wani babban mutum mai farar riga ya zauna ya dube shi. Mu a gidanmu in kana so a dube ka da kyau, sai dai ka yi amai. Kishi ya kama ni ranar, irin wanda ke fitar maka da abinci daga rai. A ajinmu kaf ban san yaro ko ɗaya da ya taɓa ganin likitan haƙori ba. Wanda nasa ya ruɓe, ko dai ya faɗi da kansa ko a kai shi wurin mai cirewa. Yanzu nakan ga matasan iyaye a birni sun jero da 'ya'yansu ranar Asabar za a duba musu baki, kamar masu zuwa aski. A wancan lokacin sai ɗan barikin soja ko ɗan ma'aikacin banki, su ma ba duka ba.

Da labarin ya kai kunnen Kaka, dariya ta yi har da tari. Kaka tana da haƙoran da ba na mantawa. Na gaban an fiƙe mata su tun tana budurwa, yadda ake yi wa 'yan zamaninsu a ƙauyukan kan dutse don ado, kuma har ta tsufa da su take yagar nama. Hausarta gajeriya ce, ta fi sakewa da C'lela, yarenmu na gida, amma in za ta yi wa surukarta ba'a sai ta juya harshe don ta tabbata an ji.

"Ana kai lahiya asibiti?" ta ce wa Anti. "Ku yi ta kai ta. Wata rana sai likitan ya samo muku abin da kuke nema."

Anti murmushi kawai ta yi. Mace ce mai haƙuri da dangin miji, ta kuma lura da ni. Ta ga yadda kowace safiya nake ƙirƙiro abin da zai kai ni bakin rariya daidai lokacin da ɗiyarta ke goge baki, in tsaya ina kallon kumfa. Ana gobe za su koma, a gaban Mama, ta dafa kaina.

"Dogon hutu mai zuwa, in mun zo ɗaukarta, za mu tafi da ke," ta ce. "Lokacin dubawarta ne. Sai likita ya duba ku tare."

Mama tana wanke-wanke, ba ta ko ɗago ba. "An gode, matar Yaya," ta ce, irin godiyar da ake yi wa wanda ya ce Allah ya kai mu baɗi. Ni kuwa na riƙe maganar gam.

Daga ranar na shiga hidimar haƙora. Na ƙudura a raina cewa in likitan nan ya haska bakina, sai ya ajiye madubinsa ya kira ma'aikatansa su zo su gani. In ita yana ce mata ta yi ƙoƙari da buroshinta mai gida, ni sai ya rasa abin faɗa. Da safe aswaki, bayan tuwo aswaki. Na daka gawayi da gishiri na zuba a gwangwanin madara, ina dangwala da yatsa ina dirza har dasashina ya yi jini. Na daina buɗe lemon kwalba da haƙori, abin da na yi suna a kansa a makarantar Lahadi. Na daina fasa ƙashi. Rake ma na bar shi, ni da ke iya zama da sanda guda in tashi babu ko gaɓa.

Mafi wuya shi ne tebur. Mama tana da ɗan tebur a ƙofar gida, tana sayar da alewa da cingam da biskit da ƙuli-ƙuli, kuma ni ke tsaronsa in na dawo makaranta. Ladan mai tsaro a gidanmu shi ne alewar da ta fashe ko ta narke a leda. Wannan ladan na yafe shi gaba ɗaya. Wadda ta gaje shi ita ce ƙanwata, autar gidan, yarinyar da ba ta taɓa ɗaukar aswaki ba sai an bi ta da tsawa. Takan shige ƙarƙashin teburin ta zauna, kumatu cike, tana miƙo hannu. In na yi mata faɗa ta buɗe mini baki, harshe ja ko kore, ta ce, "Ke kika sani, 'yar Kaduna."

Sunan da ya bi ni ke nan har makaranta, domin ban bar kowa bai ji ba. Ina da wani gutsuren madubin babur da na tsinta, a bayan ɗakin girki nake ɓoye shi. Kullum sai na je na yi masa murmushi. Haƙoran kuwa sun amsa, sun yi fari tas, har matan zumuntar coci in sun zo wurin Mama sukan ce in yi dariya su gani.

Damina ta sauka, aka shiga noma. Gonarmu tana hanyar Manga, Baba can yake wuni, mu ma in babu makaranta muna can. Ana tsakiyar noman biyu haƙorin ƙanwata ya tashi. Na ƙasa ne, can ciki, ya yi rami baƙi. Da farko in ta sha ruwan sanyi ne take ihu, daga baya ko iska ta shiga sai kuka. Mama ta sa mata kanumfari, ta ba ta ruwan gishiri mai ɗumi ta kurkure. Wani maƙwabci ya kawo shawarar a ɗiga mata ruwan batir, Baba ya kore shi. Ranar kasuwa aka kai ta wurin wani mai magani da ke fitar da tsutsar haƙori da hayaƙi. Ya turara mata wasu 'ya'yan itace, ya nuna wa Mama wasu fararen abubuwa a cikin ruwa ya ce ga tsutsotsin nan sun fito. Ta samu kwana biyu, ciwon ya dawo da ƙarfinsa, kuncinta ya kumbura.

Na tausaya mata, ƙanwata ce. Ni nake goya ta in zaga da ita tsakar gida in kukan ya yi yawa. Amma ko kusa ban haɗa ciwonta da tafiyata ba. A wurina abubuwa biyu ne daban. Nata ciwo ne, irin wanda aka saba. Nawa kuwa gayyata ce.

Su Kawu suka iso ɗaukar ɗiyarsu ana gab da ƙarewar hutu, a tsohuwar fijonsa mai dogon baya. Kwana biyu za su yi. Na wanke kayan Kirsimetina, na goge da dutsen guga na gawayi, na ninke a jakar makaranta, na sa gwangwanin gawayina a gefe. Maƙwabciyarmu ta yi mini kitso ƙanana. Ana gobe tafiya na ga Mama da Kawu sun daɗe a tsaye a bakin rumbu suna magana ƙasa-ƙasa da C'lela. Na ɗauka zancen hatsin da zai tafi da shi ne.

Da safe aka fara loda mota. Soja in ya zo gida ba ya komawa hannu biyu. Buhunan dawa, sabuwar masara, gyaɗa, kaji a kwando, har da wata tukunya da Kaka ta dage sai an tafi da ita. Aka cika bayan motar, aka ci rabin kujerar baya. Abin da ya rage wurin yara biyu ne, a matse. Na fito da jakata na tsaya a jikin ƙofa, bakina har kunne.

Sai ga Mama ta fito riƙe da hannun ƙanwata. An yi mata wanka, an ɗaure mata kunci da ɗankwali, a ɗaya hannun Mama kuma leda ce da kayanta.

"Ke, matsa ta shiga," ta ce mini.

Ban gane ba. Na matsa, a zatona za a ɗora mini ita a cinya.

"Ajiye jakarki. Ita za ta tahi."

Na dubi Anti. Ita ma a lokacin take ji, na gani a fuskarta.

"Haba, Maman yara," ta ce, "ai babbar na yi wa alkawari. Ita ma ƙaramar sai a san yadda za a yi, amma dubawa daban, magani daban."

"Dubawar mi, matar Yaya?" Mama ta juyo gare ni. "Buɗe bakinki."

Na tsaya.

"Buɗe, na ce."

Na buɗe. A gaban Kawu, da Anti, da ɗiyarsu da ta riga ta shige mota, da Kaka, da yaran unguwa da suka taru kallon lodi. Mama ta kama haɓata ta juya fuskata wajen rana, yadda take juya tumatir in tana nuna wa mai saye. Kuma wallahi da alfahari take yi.

"Ku duba. Ko ɗigo babu. Mi likita zai gani a nan? A ɗauki wagga a kai ta har Kaduna, a bar mai kumburi tana kuka a gida? Mutane su ce mi?"

"Gaskiyarta," in ji Kawu, yana ɗaure igiya a kan buhu. "Ko a wurin aikinmu mai rauni ake fara ɗauka."

"A sauke buhu guda, Kawu," na ce. Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar.

Ya dube ni, ba da faɗa ba. "Buhun nan shi za mu ci har Kirsimeti, ɗiyata."

"In duk kuka tahi, wa zai kama mini tebur da gona?" Mama ta ƙara. "Ke Allah ya ba ki lahiya. Ki gode."

Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, abin da ya fi ƙona ni ke nan. Da akwai mugu a wurin da na samu wanda zan tsana. Kowa ya faɗi abin da duk mai hankali a unguwarmu zai faɗa: wuri ɗaya ne, likita ne, ga mai ciwo. Ni kaɗai na san cewa da hannuna na kori kaina daga motar nan. Duk alewar da na ƙi, ƙanwata ta shanye, kuma ga inda ta kai ta. Anti ta buɗe baki za ta sake magana, ta dubi kuncin yarinyar, sai ta karɓi ledar kayanta daga hannun Mama. Ɗiyar Kawu ta leƙo ta taga ta ce, "Zan kawo miki buroshi." Da ta san yadda na ji da ba ta faɗa ba.

Motar ta tashi, yara suka bi ta da gudu. Ƙanwata tana kuka don ba ta son rabuwa da Mama. Kuka take, a wurina, a kan kujerata. Na koma ciki na cire kayan Kirsimeti daga jaka, na fito da tebur.

Ranar ban ci tuwo ba. Mama ta taɓa goshina, ta ji babu zafi, ta ce in na ji yunwa yana nan a rufe.

Bayan mako biyu wani abokin aikin Kawu da ya zo hutu ya dawo da ƙanwata. Kumburi ya sace, an cire haƙorin, ta yi ƙiba. Ta zo da buroshi biyu, nata da wanda aka aiko mini. Na karɓi nawa na jefa a ƙasan akwati, ban taɓa shi ba har gashinsa ya lanƙwashe. Ta ishe mu da labari. Kujera ta kwanta da ita, fitila ta haska ta, likita ya ce ita jaruma ce. Har da yogot. In ta fara sai in tashi in ba ta wuri, ta biyo ni tana ƙarasawa. Na ce a raina ba komai, an yi an gama, haƙori ɗaya ne kuma an cire. Baɗi wurin nawa ne, tunda ba ta da sauran abin da za ta nuna.

Sai mutumin da ya kawo ta ya isar da saƙon Anti, yana shan ruwa a ƙofar gida. Likita ya ga wasu haƙora biyu sun fara taɓuwa, ya cike su. Ya ce lallai a riƙa dawo da ita duk wata shida yana dubawa, ko suna ciwo ko ba sa yi.

"Ko ba su ciwo?" in ji Mama.

"Haka ya ce."

Mama ta jinjina kai. "To, tunda likita ya faɗa."

Shi ke nan. Abin da Kaka ta yi wa dariya, abin da Mama ta ce mutane za su yi surutu a kansa, ya zama doka a gidanmu, amma ga mutum ɗaya. Da Kirsimeti babu wanda ya tsaya shawara a bakin rumbu. Aka loda mota, ƙanwata ta shige ta zauna kusa da ɗiyar Kawu, lafiyarta lau, tana lilo da ƙafa. Da dogon hutu ma haka. Anti ta sake tayar da maganata sau ɗaya, Mama ta ce ai ba a ɗora wa mutum nauyi biyu, wadda aka fara da ita ma an gode. Haka aka yi ta yi har aka yi wa Kawu canjin wurin aiki zuwa kudu, tafiyar ta mutu. Ban taɓa shiga motar nan ba.

A wannan Kirsimetin na farko ni aka sa in yi wa ƙanwata kitson tafiya. Tana zaune a tsakanin ƙafafuna, ina kitsawa, Mama tana bakin tebur da wata 'yar zumuntarsu da ta zo sayen ƙuli-ƙuli. Matar ta tambaya ina za a kai auta kuma.

"Wurin likitanta," in ji Mama. "Wagga ta ba ni wahala, ba kaɗan ba." Sai ta nuna ni da haɓa, muryarta ta yi laushi. "Babbar kuwa, tun da na haihe ta ba ta taɓa sa ni na bar aikina ba. Wani lokaci har mantawa nake da ita."

Matar ta ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin, na ci gaba da kitso.